Sati Uku Kafin Jirgin Legas

Ina zaune a tsakar gida da yamma ina ɓarar gyaɗa waya ta shigo. Surukina ne, mijin 'yata ta fari, wadda har gobe ba na kama sunanta. Bayan gaisuwa ya ce, "Mama, likita ya ce aiki za a yi mata, har an sa rana. Saura sati uku. Ba za ta iya zuwa gida haihuwa ba, ke za ki zo. Na riga na saya miki tikitin jirgi daga Kano."

Na ce Allah ya yi masa albarka, Allah ya raba lafiya. Suruki ne, ba na iya ce masa komai bayan haka. Sai da na ajiye wayar na ga kwanon gyaɗa ya kife a ƙasa, kaji sun taru a kai, ni kuwa ban san sa'ad da ya suɓuce daga cinyata ba.

Ni malamar firamare ce mai ritaya, a wani ƙauye kusa da Gani cikin ƙaramar hukumar Sumaila. Da bakina na sha gaya wa yara cewa a Kano jirgin sama ya fara sauka a ƙasar nan, a 1925. Amma in ina gona jirgi ya gifta can sama, sai na tsaya da fartanya a hannu har ƙararsa ta ɓace tukuna in sunkuya. Da dalili. Ranar Asabar 4 ga Mayu, 2002, ina jinyar maigidana a wani asibiti wajen Dala, babur ya kayar da shi ya karye a ƙafa. Na fito shanya da rana sai na ji rugugin jirgi ƙasa-ƙasa, irin wanda kunne bai saba ji ba, sai wata ƙara kamar an sauke dutse, sai baƙin hayaƙi. Jirgin ya tashi ne daga filin jirgin Malam Aminu Kano, bai yi nisa ba ya faɗa kan gidajen mutane a Gwammaja. Sama da mutum 100 suka rasu, na ciki da na ƙasa, har da ministan wasanni na lokacin, Ishaya Mark Aku. Abin da idona ya gani a ranar ba zan rubuta shi ba. Warin ne ma ya fi zama mini. Kuma jirgin nan Legas za shi, inda aka saya mini tikiti.

Shekaru da suka wuce wani ɗan ƙanena ya so ya biya mini kujerar ziyara zuwa Urushalima. Na ce masa hawan jini ba zai bar ni ba. Ƙarya ce, jinina lafiya lau a lokacin. Matan zumunta suna ta yi mini jaje, ina amsawa da fuskar tausayi.

Satin farko na ɗauki azumin kwana uku. In faɗi gaskiya, ba cire tsoro na roƙa ba. Roƙona shi ne Allah ya juya zuciyar yaron nan ya mayar da tikiti ya turo kuɗin mota. Da na gwada wa maigida maganar, ya dube ni ya ce, "Malama, kilomita wajen 1,000 ce. Ke da ba kya iya zaman mota daga nan zuwa Wudil sai kin ce bayanki ya riƙe, ke ce za ki yini ki kwana a hanya? Ga halin da hanyoyin suke ciki. Wadda kike gudu a sama ai ta fi yawa a ƙasa." Na san gaskiya ya faɗa. Wanda maciji ya sara dai, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, kuma ba a yi masa lissafi ya daina.

Na gama azumi, ba abin da ya canja sai ramar da na yi. Barci ya ƙaurace mini. Da na rufe ido sai in ga hayaƙin Gwammaja.

Ranar Lahadi bayan an tashi sujada na tsaya na jira faston ikkilisiyarmu. Yaro ne a kaina, na koyar da yayarsa a aji huɗu, Mama yake ce mini. Muka zauna a benci a gindin darbejiyar bayan majami'a, na zayyana masa komai, har ƙaryar hawan jini. Sannan na ce, "Baba Fasto, so nake ka yi addu'a, ka ce mini Ubangiji ya nuna maka jirgin nan ba zai faɗi ba. In na ji daga bakinka zan hau."

Ya yi shiru har na zaci bai ji ba. Can ya ce, "Mama, addu'a zan yi miki, yau da kullum har ki dawo. Amma ba zan ɗora wa Allah alkawarin da bai yi ba. Abin da kike so in faɗa miki, boka ne yake faɗar irinsa. Mutanen da suka hau jirgin Gwammaja, kina tsammani babu masu addu'a a cikinsu?"

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na zo neman ruwan sanyi an miƙo mini maɗaci. Amma kalmar boka ta soke ni a inda ya kamata. Kakata ta wajen uwa Bamaguza ce, kafin bishara ta iso gidanmu. In wani zai yi tafiya sai ta ɗaura masa laya a damtse, a yanka baƙar kaza, shi ke nan an sayi lafiyar hanya. Ni kuwa tun a daren farko na riga na tsara yadda zan rungume Littafi Mai Tsarki a ƙirji cikin jirgi, na kuma ƙudurta karanta Zabura 91 sau bakwai kafin in taka matakala, kada in rage ko ɗaya. Laya ce na haɗa, na dai canja mata fata.

Fasto ya buɗe Daniyel sura 3 ya sa ni na karanta da kaina, inda Shadrak da Meshak da Abednego suka gaya wa sarki cewa Allahnsu yana da ikon ya fisshe su daga tanderun wuta, amma ko da bai fisshe su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba. Ya ce in sa yatsa a kan "ko da". Sannan ya kai ni Zabura 56 aya 3. Ya ce, "Mama, ke malama ce, duba nahawun. Dawuda bai ce shi ba ya jin tsoro ba. Cewa ya yi a lokacin da tsoro ya kama shi, a lokacin yake dogara. Biyun suna zama a ƙirji ɗaya." Daga nan ya ba ni aikin gida, kamar yadda nakan ba yara: in sami takarda in rubuta ainihin abin da nake tsoro, ɗaya bayan ɗaya, kada in rubuta "jirgi" kawai in rufe.

Da dare na kunna fitila na ɗauko tsohon littafin rajista. Na rubuta wuta. Na rubuta faɗowa daga sama ina ji ina gani. Na rubuta kada a rasa gawata a rasa abin binnewa. Na rubuta kada in mutu ban ga jikana ba. Biro ya tsaya. Na daɗe ina kallon takardar, domin na san akwai na biyar, hannuna ne yake ƙin rubutawa.

Facalata ce, matar ƙanen maigida. Katanga ɗaya ta raba mu, amma shekara shida ba mu gaisa ba. Asalin abin awakinta ne suka cinye mini wake a gonar bayan gida, na yi magana, ta mayar, ni kuma na gaya mata wata kalma game da rashin haihuwarta wadda tun tana fita daga bakina na san na yi ɓarna. Majami'a ɗaya muke zuwa, anko ɗaya muke ɗaurawa a zumuntar mata, jibin Ubangiji muke karɓa daga faranti ɗaya. Dattawa sun zaunar da mu sau biyu, muka ce mun yafe, muka fito kowa ta kama gabanta. A ƙauye ina ganin kamar lokaci yana hannuna, wata rana a shirya. Jirgi ne ya zo ya ce mini wata ranar ba tawa ba ce. Ashe rabin abin da ke hana ni barci ba faɗuwar ba ce, tsayawa gaban Ubangiji ne da wannan kalma a bakina.

Kwana biyu ina kewaye. Na karanta Matiyu 5, inda Yesu ya ce in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Aya ce da na sha koya wa 'yan makarantar Lahadi. Ranar Laraba da sassafe na yafa mayafi na zaga. Taku bai fi ashirin ba daga ƙofata zuwa tata, amma gwiwoyina sun yi rawa fiye da yadda suka yi a matakalar jirgi daga baya. Na same ta tana hura wuta. Na yi sallama, ta ɗago, ba ta amsa ba. Na durƙusa, ni da nake matar wa, na ce, "Maganar da na gaya miki, ba awaki ne suka sa ni ba, muguntar zuciyata ce. Ki yafe mini saboda Almasihu."

Ta ci gaba da tura kara cikin murhu. Can ta ce, "Yaya, don za ki hau jirgi ne?"

Na ce, "Don haka ne. Da ban ji tsoro ba da ban zo ba. Wannan ma ki haɗa ki yafe."

Ta yi wata 'yar dariya da hawaye a ciki, ta jawo mini kujera. Ba mu rungumi juna ba, ba a yi wani abin kallo ba. Koko ta dama ta miƙo mini na sha. A daren nan na yi barci har zakara ya yi cara ban ji ba.

Kada wani ya ɗauka tsoron ya tafi ke nan. Yana nan, sai dai ya rage nauyi, ya koma tsoron ƙarfe da iska, kuma wannan yana da magani a wurin waɗanda suka sani. Na tafi wurin Hajiya, maƙwabciyarmu Musulma ta unguwar gabas, wadda ta je Makka sau biyu. Ta shimfiɗa mini tabarma ta ce, "Malama, ashe ke ma matsoraciya ce!" Ta ce kunnena zai toshe, in riƙa haɗiyar yawu ko in tauna cingam. Ta ce wani lokaci jirgin zai yi gargada kamar motar kasuwa a hanyar burji, kada in yi ihu, in dubi fuskar ma'aikatan, in suna raba abinci suna hira to ba komai. Ta kwatanta mini yadda ake kulle ƙofar bayi, abin da ta ce ya fi ba ta wahala a tafiyar farko. Da zan tafi ta ce za ta sa ni a addu'a, na ce ina so. Wani tsohon ɗalibina kuma da ke aiki a birni ya gaya mini a waya cewa matuƙa biyu ne a gaba, injin ma biyu ne, kuma an ƙera jirgin yadda ko ɗaya ya mutu ɗayan zai kai shi ya sauka. Na rubuta wannan a ƙarƙashin jerin tsorona.

Addu'ata ta sauya a satin ƙarshe. Na bar lissafin sau bakwai. Da asuba nakan karanta Zabura 139, wurin da mai zabura yake cewa ko ya hau sama Allah yana can, ko ya yi shimfiɗa a lahira yana can. Dā nakan ji ayar kamar gargaɗi ce ga mai gudun Allah. Yanzu sai na ji ta kamar ana gaya mini cewa ƙafa 30,000 a sama ba ta fi gonar bayan gidana nisa da hannunsa ba. Sai in ce, "Ubangiji, ina jin tsoro, ka sani. Ina roƙo ka kai ni lafiya. Ko da ba haka ka nufa ba, ni taka ce." Wannan jimla ta ƙarshe kwana uku tana maƙale mini a wuya kafin ta fita.

Ana gobe tafiya matan zumunta suka cika tsakar gidana da tulun kiɗa da kacau-kacau, aka yi waƙa, aka ɗora mini hannu. Facalata ta zo a ƙarshe da ƙullin daddawa babba cikin leda, ta ce a kai wa mai jego.

Muka fita da duhun asuba, ni da autana, ta Kwanar Sumaila, muka haye gadar Wudil, muka shiga Kano hantsi bai yi ba. Watan Janairu ne, hazo ya rufe gari. A ƙofar shiga aka duba tikiti a wayar yaron da katin shaidata na ɗan ƙasa. Aka ɗora jakata a sikeli: kuka, kuɓewa busasshiya, kanwa, gero, yajin jego, man shanu a gora, ga daddawa. Ta haura kilon da aka yarda da shi. Yarinyar da ke wurin ta ce ko in rage ko in biya. Auta ya kai hannu kan ƙullin daddawa, shi ne mafi nauyi. Na buge hannun, na kwance bakin zani na biya. Daga nan ba a barin ɗan rakiya ya wuce. Aka sa jakar hannuna cikin na'ura, aka tsinci ɗan almakashina na yankan farce aka karɓe, wata ma'aikaciya ta shafa jikina, na shiga ɗakin jira ni kaɗai.

Aka sanar cewa an ɗaga tashi saboda hazo. Mutane suka hau tsaki. Awa huɗu muka yi. Da farko na ce ko alama ce Allah yake ba ni in koma gida, har na miƙe. Sai na kama kaina: kakata ce take magana, mai duba kukan tsuntsu kafin ta fita. Na zauna na sake tunani. Mutanen nan sun ƙi tashi ne don ba sa ganin hanya sosai. Direbobin tasharmu, wane hazo ne ya taɓa tsayar da su?

Da aka kira mu na taka matakala ina cewa "Yesu, Yesu" a kowane taki. Ayoyin da na haddace duk sun gudu, sunan kaɗai ya rage. Kujerata ta tsakiya ce. Wata ma'aikaciya ta ga ina kokawa da bel ta zo ta ɗaura mini, ta ce, "Mama, karon farko ne?" Na gyaɗa kai. A gefen taga wani ɗan kasuwar Sabon Gari ne, Inyamuri mai Hausa kamar jakin Kano, a ɗaya gefen kuma wani saurayi wanda tun kafin a rufe ƙofa ya yi barci, baki buɗe. Na dube shi na tuna Markus 4, Yesu yana barci a kan matashi a bayan jirgin ruwa, almajirai suna ta kururuwa. A raina na ce, wannan dai ba Yesu ba ne, amma ya fi ni kama da shi yau.

Jirgin ya yi ta tafiya a hankali kamar ba zai tashi ba, ya tsaya, sai injin ya ɗauki ruri. Gudun da ya yi ya manna ni da kujera, ƙasa ta sake mu, cikina ya yi ƙasa. Wani abu ya yi ƙum a ƙarƙashinmu, ɗan kasuwar ya ce tayoyi ne suka shige. Na ce to.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, jim kaɗan bayan tashi ƙarar injin takan ragu, jirgin ya yi kamar ya saki jiki. Da na ji haka na tabbata an zo wurin. A ƙasanmu Kano ce, wataƙila ma Gwammaja. Warin nan na shekara 20 da wani abu ya dawo mini a hanci. Na damƙe hannun bawan Allah nan da ban sani ba, na rufe ido, kuma abin da ya fito daga bakina ba "ka cece ni" ba ne. "Ni taka ce" na ji kaina ina faɗa, sau nawa ban sani ba. Zuciyata tana dukan ƙirji kamar ana daka, gumi yana bin bayana, amma can ƙarƙashin wannan akwai wani wuri da ya tsaya cik, kamar ka sa ƙafa cikin kogi ka taka dutse. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan minti ba, ban kuma taɓa sanin ba ni kaɗai ba ce kamar a cikinsa.

"Mama, giya ya canja," in ji mutumin. "Ya gama hawan tudu ne, ya sassauta. Kullum haka suke yi. Buɗe ido ki gani." Na buɗe. Mun fito saman hazo. Ƙurar da ta rufe mu wata guda tana shimfiɗe a ƙasa kamar jan bargo, sama kuwa shuɗiya tas, irin wadda ba ma gani sai bayan ruwan Agusta. Na saki hannunsa na ba shi haƙuri, shatin farcena duk ya fito. Ya ce mahaifiyarsa ta yi masa wanda ya fi haka.

Sauran tafiyar ba ta da labari. Kunne ya toshe na tauna cingam ɗin Hajiya. Kusa da Legas muka shiga gajimare jirgin ya yi gargada, na dubi ma'aikatan na ga ɗaya tana gyara ɗankunne. Kamar awa ɗaya da rabi tayoyi suka daki ƙasa a Ikeja. Saurayin nan ya farka ya yi miƙa.

Na kira maigida tun ina jiran jaka. Ya ce, "Kin sauka?" Na ce na sauka. Ya ce, "Kin ji tsoro?" Na ce, "Ƙwarai kuwa." Ya ce, "To, mun gode wa Allah," na ji yana gaya wa mutanen gida, na ji guɗa daga bayan katanga, na kuma gane muryar.

An yi aiki lafiya, namiji aka samu. Ranar da aka sallamo su na kaɗa miyar kuka. Mai jego ta kai loma ɗaya ta tsaya, ta ce, "Mama, wannan daddawar ba taki ba ce. Irin ta gidan Baba Ƙarami ce." Na ce ita ce, ita ta ba ni in kawo miki. Ta ajiye cokali ta dube ni, ta daɗe, ta ce, "Kun shirya?" Na ce ci abincinki kada ya huce.

Bayan arba'in surukina ya tambaya ko mota zan bi in koma, tunda yanzu ba gaggawa. Gabana ya faɗi kamar ranar farko. Na ce ya sayi na jirgi, in da hali a ba ni gefen taga.